Tsatsa a Ƙarƙashin Tamfol

Litinin, 3 ga Yuni
Na yaye tamfol ɗin da na rufe gangunan dagwalon masana'antarmu da shi. Tsatsa ta cinye murafe, tana ɓarewa kamar ɓawon burodi. Ni na kawo dabarar rufewar, wai kada ruwan sama ya taɓa su, har manaja ya yaba mini gaban mutane. Ashe raɓa da tururin sinadari nake tara musu.

Alhamis, 6 ga Yuni
Gangunan da ke jikin katanga suna yoyo ta gindi. Bayan katangar kuwa lambun Gwaggo ne, ƙanwar Baba, inda take noman ganyen sayarwa. Ni na nuna mata filin, na ce ga ƙasa mai laima. Ga laima kam!

Asabar, 15 ga Yuni
Gwaggo ta kawo alayyafo. "Ɗauki, Injiniya, na wajen aikinku ne." Injiniya take ce mini, ni da aikina bai wuce kula da fili ba. Na karɓa hannu biyu har da godiya. Da ta tafi na zuba a shara. Matata, da ta san maganar yoyon, ta gani, ta ce, "Kai ba za ka ci ba, amma 'ya'yan mutane su ci?" Kunya ta hana ni ɗaga kai.

Talata, 18 ga Yuni
Na gaya wa manaja maganar yoyon. Ya ce a juye dagwalon a sababbin ganguna, a ɗora kan katako ƙarƙashin rumfa mai shan iska. Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi. Maganar lambu kuwa na haɗiye ta.

Juma'a, 21 ga Yuni
Har ƙofar Gwaggo na je, na gaishe ta, na tambayi ƙafarta, na dawo.

Lahadi, 23 ga Yuni
Na faɗa mata, idona a kan takalmina. Ta ce, "Tun yaushe ka sani?" Na faɗa. Ba ta zage ni ba, ba ta kuma ce mini Injiniya ba. Mayafi kawai ta ɗauka, za ta bi gidajen da take kai wa ganye, su daina ci, su kai yara asibiti a duba su. Na bi ta.

"Kai tsaya a waje," in ji ta. "Ni na sayar musu."

Gida na farko na tsaya a waje. Na biyu ma haka, ina jin muryarta tana ba da haƙuri. A na uku ban san yadda aka yi ba, ni na riga ta yin sallama.