Shekara Biyar Kemuning Yana Tudu

Pulau Duyong, Terengganu
4 ga Maris, 1999

Zuwa ga Gaik Suan, 'yar marigayi Likita Cheah,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. In kin manta rubutun, Deraman ne, wanda ya tuƙa jirgin ruwan mahaifinki shekara talatin, wanda kika yi wa amai a cinya sau ba adadi tsakanin Penang da Langkawi. Ban iya waya ba. In na ɗauka sai in yi ta ihu kamar mai kiran wani a ƙetaren kogi, shi ya sa na rubuto.

Labari mara daɗi ya iso mana. Jirgin nan Melur ya nutse a watan jiya kusa da tsibirin Tioman, amma mutanen ciki sun tsira. Kin san jirage uku kaɗai babana, Tok Embong, ya ƙera a kan wannan siffa. Cempaka gobara ta cinye shi tun kina makaranta. Yanzu Melur ya bi shi. Saura Kemuning, naku.

Ba na jin an taɓa gaya miki yadda aka yi shi. A 1962 mahaifinki ya zo tsibirin nan da hoton wani jirgin tsere na Turawa mai tafiya da iska, da ya yago daga mujalla. Baba ya duba, ya juya hoton sama ya koma ƙasa, ya ce, "Likita, wannan ai tasa ce aka kafa wa filafili. So kake ka je da sauri, ko so kake ka dawo?" Likita ya ce duka biyun. Baba ya ce, "To mayar da takardarka aljihu, ka dawo bayan damina biyu." Ko layi ɗaya bai zana ba. Mu nan jikin jirgi muke fara haɗawa, katako kan katako da turakun itace, a cusa ɓawon itacen gelam a tsakani, haƙarƙari ya biyo daga baya. Siffar tana cikin idon mai aikin ne. Baba ya rasu da ita, ni kuwa da ya kamata in zauna in koya, na bi Likita na tafi tuƙi. Laifina ne wannan, kuma kullum yana cina.

Ba zan yi miki ƙarya a kan Kemuning ba. In iska ta kwanta, saniya mai ciki ta fi shi sauri, masu kamun kifi har tsiya suke mana, suna tambaya ko a jawo mu. Kuma duk wanda ya tsaya a gabansa sai ya jiƙe sharkaf. Amma bari iska ta taso ta fuskance mu. Sai ya ɗan kishingiɗa gefe guda ya tsaya nan, ko me teku za ta yi ba ya ƙarawa. Nakan saki sandar tuƙi in zuba kofi in shanye yana riƙe da hanyarsa. Da haka muka ci tseren Langkawi sau uku, a gaban jiragen roba da aka sayo daga ƙasashen waje. Ana gama tseren kuma marigayiya mahaifiyarki za ta sauka ciki ta dafa shinkafa da kifi, mutum shida mu ci mu miƙe ƙafa.

Ga buƙatata. Ɗan baffana Jusoh, wanda shi kaɗai ya rage a danginmu yana riƙe da gizago, ya yarda zai ƙera na huɗu in na kawo masa awo. Shekarunsa sittin da takwas, ni sittin da huɗu. Ina roƙonki ki bar ni in zo in auna Kemuning tun muna da ido, kada siffar nan ta ɓace daga duniya. Ba na neman komai bayan wannan. Tun ranar jana'izar Likita, da aka miƙo mini agogo a kwali aka ce an gode, ban sake taka Penang ba. Na ɗauka zai bar mini ko kalma ɗaya a kan jirgin. Bai bari ba, na haɗiye.

A wane mashigi yake ɗaure yanzu? Wa ke kwashe masa ruwa?

Ki gaida mutanen gida. Allah ya tsare ku.

Naku tun dā,
Deraman bin Embong

Kuala Lumpur
15 ga Maris, 1999

Baffana Pak Cik Deraman,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida uwargidanka Mak Cik Lijah da jikoki. Takardarka ta same ni a ofishinmu na lauyoyi, na karanta a can, na sake karantawa a mota. Ban manta ka ba. Aman ma ban manta ba.

Ka kwantar da hankalinka, babu abin da zai sami Kemuning, domin ba ya cikin ruwa. Wata guda bayan rasuwar Papa na sa aka fitar da shi aka ɗora a tudu, a wata ma'aikatar gyaran jirage a Penang, aka yi masa rumfar kwano shi kaɗai. Hankalina ba ya kwanciya in na tuna yana can ruwa na bugunsa. Da shekara ta zagayo sai katakon ya fara buɗewa, har ana hango haske ta tsakani. Manajan wurin ya ba ni shawara a lulluɓe jikinsa gaba ɗaya da faiba, robar nan mai tauri da ake yin sababbin jirage da ita. An yi, an shafa farin fenti. Za ka ga yana ƙyalli fiye da ranar da aka fara sa shi a ruwa.

Ciki kuwa ban bari an canza komai ba. Hular Papa tana rataye inda ya bar ta. Duk shekara, lokacin sharar kaburbura, in na fito daga wurin kabarinsa nakan wuce can, in hau tsani in zauna a ciki awa guda. A dā ƙamshin tabarsa nake ji. Bara wani ɗan wari na danshi na ji, amma na ce a ƙara tsabta.

Ka zo duk ranar da ka so, ka auna yadda ka so. Ka nemi shugaban ma'aikata, sunansa Veloo, na sanar da shi. Zan yi ƙoƙari in same ka a can, sai dai aiki ya yi mini yawa kwanan nan.

Ka huta lafiya.

'Yarka,
Gaik Suan

Penang
29 ga Maris, 1999

Ah Suan,

Ina gaisuwa. Ban san yadda zan tausasa maganar nan ba, dama can ban taɓa iya tausasa magana ba.

Tun da idona ya faɗa kan kalmar tudu a takardarki na san ba lafiya. Na karanta wa Jusoh, ina isa wurin faiba ya tashi ya fita. Duk da haka na ɗauki igiyar awo da alli na hau bas.

Gaskiya yana ƙyalli. Veloo ya tarye ni yana murna, mutumin kirki ne, ya ce, "Tsoho, ka ga amarya? Duk Asabar da hannuna nake wanke ta da tiyo, daga sama har ƙasa."

Na ce, "Da wane ruwa?"

Ya ce, "Na famfo mana, tas da shi. Madam ta ce ko ɗigon gishiri kada ya taɓa."

Na ce, "To ta ina ruwan yake fita?"

Ya dube ni, ya dubi jirgin, ya sosa ƙeya.

Ah Suan, jirgin katako da ruwan gishiri yake rayuwa. Ɓawon gelam sai ya sha ruwan teku yake kumbura ya toshe kowace kafa. Da kika fitar da shi ya bushe ya buɗe, kuma da a nan aka tsaya, mako biyu cikin teku sun isa ya koma ya rufe. Amma an ɗinke shi cikin roba, ruwan famfo yana shiga ta sama ba shi da mafita, shekara huɗu cur. Na ɗaga katakon daɓen ciki na tarar da baƙin ruwa kwance. Na sa wuƙata a ƙashin bayan jirgin, gungumen da komai ke zaune a kansa, ta shige har ƙota kamar a dafaffen rogo. Veloo ya ce, "Ayyo," ya cire hularsa.

Na ce a raina, to ko ya mutu ai ana auna gawa. Kwana uku ina awo. Dama da hagu suka ƙi zuwa ɗaya, yatsa huɗu a wani wuri, shida a wani. Na zargi idona, na zargi igiyar. A rana ta uku na ja da baya can bakin ƙofa, na tsuguna na dube shi daga nesa, yadda Baba yakan yi. A gaba da baya kawai aka tokare shi, nauyin darmar da aka sa a ƙarƙashinsa don kada ya kife ya ja tsakiyar ƙasa, ya lotsa, ya murɗe. Layin da Baba ya ja da idonsa babu shi. Abin da na cika littafi da shi awon wani jirgi ne da ba a taɓa ƙerawa ba.

Veloo ya tausaya mini, ya ce, "Ka kai masa haka nan mana, tsoho. Wa zai gane?"

Na ce, "Ranar farko da iska ta taso, duk wanda ke ciki zai gane."

Manaja ya ce ko ɗaga shi aka yi zai rabe biyu, sai dai a yanka a inda yake, kuma sai mai jirgi ya sa hannu. Wannan ya rage naki.

Na yi fushi da ke kwana biyu, ba zan ɓoye ba. Daga baya na ce yarinyar birni ce, so ne ya sa ta, ba wanda ya gaya mata. Likita nake zargi. Ya san duk abin da na rubuta nan, ya san inda nake. Da ya ce miki ki kira Deraman, shi ke nan. Shekara talatin muna cin shinkafa a kwano ɗaya, amma bai tuna da ni ba. Wannan ya fi ruɓewar katakon yi mini ciwo.

Ina nan masaukin bayan masallacin kasuwa, na kasa komawa in dubi Jusoh. Ki gaida yara.

Deraman

Kuala Lumpur
9 ga Afrilu, 1999

Pak Cik,

Ina gaisuwa, in har za ka karɓa. Kada ka zargi Papa. Ya tuna da kai. Ni ya gaya wa.

Kwana biyu kafin ya cika, da rana a asibiti, ina ba shi kunun shinkafa, ya ture cokalin ya ce, "Suan, jirgin nan na Deraman ne. Ubansa ya yi shi, ni hawa kawai na yi. Ki miƙa masa kafin a tashi daga zaman makoki. Kada ya kwana goma babu mai dubansa."

Na ce, "To, Papa."

Ya ce, "Ba na son to irin ta lauyoyi. Kin ji ko ba ki ji ba?"

Na ce na ji. Daga ni sai shi a ɗakin.

Ranar jana'iza takardar mallakar tana cikin jakata, ita da agogon. Na hango ka tsaye a bakin ƙofa da farar hularka, ba ka shiga inda ake kunna turare ba, kuma ba ka tafi ba. Sai na tuna yayyena sun riga sun yanke za su sayar da gidan. Na ce in na ba ka jirgin, za ka zagaya da shi can gabas wajenku, ni kuma ba ni da sauran wurin da zan shiga in ji Papa. Na fito da agogon, na bar takardar. Na ce wa kaina wata ɗaya kawai. Wata ya zama shekara. Da katakon ya buɗe na ɗauki waya zan sa a kira mini kai, sai na ji tsoron tambayar da za ka yi mini, na ajiye na kira manaja.

Ba aiki ne ya hana ni zuwa ba. Na zo Penang. Ina cikin mota a wajen ƙofar lokacin da ka tsuguna kana dubansa. Na ga sanda ka rufe littafin. Na kasa fitowa.

Ga takardar nan a cikin ambulan, na sa hannu, an buga hatimi. Na san ba ta da sauran amfani. Amma taka ce tun shekara biyar, ba zan ƙara kwana da ita ba. Ban san da wane baki zan nemi gafararka ba, ga shi dai ina nema.

Ka gaida Mak Cik, in ka ga ya dace.

Gaik Suan

Penang
17 ga Afrilu, 1999

Gaik Suan,

Ina amsa gaisuwa. Takardar ta iso.

Na kai wa manaja, ya karanta, ya miƙe tsaye ya ba ni hannu, ya ce, "Ashe kai ne mai jirgi. To sa hannunka muke jira." Ya turo mini takardar yanka. Na sa.

Litinin da safe za su fara da zarto. Zan tsaya har su gama. Kada ki zo.

Na gode da kika wanke mini Likita. Ɗaya maganar kuwa, ta gafara, ban iya ba tukuna.

Ki huta lafiya.

Deraman bin Embong,
mai Kemuning, zuwa Litinin