Wasiƙar da Na Rubuta a Kan Zorka

Litinin, 2 ga Oktoba

Sati uku ke nan da aka kawo ni gidan nan. Vlatka, yarinyar da ke zuwa kula da mu da rana, ta ba ni wannan littafi, wai in riƙa zuba abin da ke raina maimakon in zuba mata. To ga shi.

Shekara talatin da ɗaya na yi a ɗakin gwaji na kamfanin madara a nan Osijek, ina farautar ƙwayoyin cutar da ido ba ya gani. Yau ga ni a hawan ƙasa, ɗaki biyu da falo, banɗaki ɗaya, tare da matar da ba ta san ana wanke hannu ba. 'Yata Jasenka ta ce, "Mama, ba gidan tsofaffi ba ne fa, gida ne kamar na kowa, har makulli za a ba ki." Ita tana can Dublin. Gidana hawa na biyar ne babu lifta, ɓarin jikina na hagu kuma ya shanye, ba ni da bakin musu.

Sunan matar Zorka. Shekararta hamsin da huɗu. Tun tana shekara tara take babban gidan nan na bayan gari da ake tara waɗanda hankalinsu bai cika ba, bara aka fito da ita. Teta take ce mini, sai ka ce ni gwaggonta ce, alhali shekara shida kawai na ba ta. Vlatka ma, da ta isa ta haifa, teta ce.

Alhamis, 5 ga Oktoba

Cin abincinta. Ta kewaye farantin da hannu, ta kifa kai, minti biyu ta share. Sai ta lashe shi tas ta mayar cikin wankakku. Yau na gani da idona. Jiya a wannan farantin na ci taliya.

Na yi amai har sau biyu.

Lahadi, 8 ga Oktoba

Farce a kwanon sukari. Na ƙafa.

Laraba, 11 ga Oktoba

An gano inda warin yake fitowa. Vlatka ta ɗaga katifar Zorka: guntayen burodi sun yi funfuna, tsiran alade, naɗin kabeji uku a cikin safa. Ita kuwa ta tsaya a kusurwa kamar za a doke ta.

Vlatka ta ce, "Madam Biserka, ki yi haƙuri da ita. Can idan ba ka ɓoye ba, ka kwana da yunwa."

Na ce nan ba can ba ne. Na ce to wankan fa? Wai a layi ake jera su tsirara a fesa musu ruwan sanyi da tiyo, shi ya sa ko ƙarar ruwan shawa ta ji sai ta gudu. Na ji. Kaina ya tausaya mata, hancina bai tausaya ba.

Asabar, 14 ga Oktoba

Madam Kolar ta hawa na uku ta sauko da kek na 'ya'yan itacen fulam. Mace mai tsafta, farcenta a gyare. Kafin ta sha kofi ta ciro hankici ta goge bakin kofin, na ji daɗin ganin wadda ta san abin da na sani.

"Ke ai mutum ce kamar mu," in ji ta. "Me ya haɗa ki da wannan?"

Ashe maƙwabta suna tara sa hannu. Wari a matakala, Zorka tana tonon shara, ta rungumi jikar wani a ƙofa ba ta san ta ba. Amma ofishin walwala ba ya sauraren maƙwabta, sai an samu na cikin gida ya rubuta. Ta ce ba korarta za a yi ba, mayar da ita za a yi inda ta saba.

Tun da aka kawo ni, yau ne wani ya yi mini magana ba da muryar lallashin yara ba.

Juma'a, 20 ga Oktoba

Na rubuta. Shafi huɗu, kwana da kwana, farantin da farcen da katifar, ban ƙara ko kalma ba. Na miƙa wa Madam Kolar ta taga.

Talata, 24 ga Oktoba

Ban so rubuta wannan ba.

Waken jiya ya ɓata mini ciki. Ƙarfe bakwai na safe na tashi da sauri, na bar maɓallin kiran gaggawa a kan teburin gado. Na kai banɗaki, sandar ta zame, na faɗi tsakanin masai da baho, matacciyar ƙafar a ƙarƙashina. Kuma cikin bai jira ni ba. Duka ya zo, a rigar barci, a tayil, har gashina da na yi ƙoƙarin juyawa. Vlatka sai tara take zuwa.

Ban kira kowa ba. Na ce gara in kwanta a ciki awa biyu.

Sai ga Zorka a ƙofa. Na daka mata tsawa ta fita. Ta shigo ta rufe ƙofar. Ba ta toshe hanci ba, ba ta ko yamutsa fuska ba. Ta tari ruwa a roba, ta gwada zafinsa da gwiwar hannu. Ta sa hannu ɗaya a hamatata ɗaya a ƙuguna, ta ɗaga ni ɗagawa ɗaya, abin da ma'aikatan asibiti biyu suke yi da nishi. Ta wanke ni daga gaba zuwa baya, tana sauya tsumma, yadda ake koya wa nas.

"Ba komai, teta. Ba komai. Ruja ma haka take yi, kullum kullum."

Na ce wace ce Ruja. Ta ce ta ɗaki na huɗu, ta mutu. Tun tana shekara sha biyu ita ke wanke na ɗaki na huɗu, su tara, don a ba ta ƙarin burodi.

Ta sa mini riga, ta zaunar da ni a falo, ta wanke tayil ɗin, sannan ta buɗe ƙofar gida don iska ta shiga. Warin ya hau bene.

Da Vlatka ta zo ta ce, "Me ya faru a nan?" Zorka ta ce, "Ni ce, teta." Vlatka ta kalle ni. Ni kuwa na kalli taga.

Laraba, 25 ga Oktoba

Ba na iya haɗa ido da ita. Ƙyamarta ta fi ta da. Ta gan ni.

Litinin, 30 ga Oktoba

An yi zama a falonmu: shugaban su Vlatka, wata mata daga ofishin walwala, da Madam Kolar a madadin maƙwabta. Ban san za a karanta wasiƙar a fili ba. Matar ta karanta shafi huɗun nan tun daga farko, Zorka na zaune kusa da ni, duk inda aka ambaci sunanta sai ta yi murmushi ta taɓa ƙirjinta.

Madam Kolar ta ƙara da cewa ranar Talatar da ta wuce wari ya hana mutane karin kumallo har hawa na huɗu. Matar ofis ta tambayi Zorka, ita ta yi? Ta ce e.

An yanke a mayar da ita can na wata guda, "a sake duba lamarinta". Vlatka ta tattara kofuna ba ta ce mini sai gobe ba.

Ai ba ƙarya na rubuta ba.

Alhamis, 2 ga Nuwamba

Sun zo da farar mota. Na ɗauka za ta yi ihu. Da ta ga wani mutum mai farar riga sai ta ajiye ledarta, ta tsaya jikin bango, hannuwa a gefe, kai a ƙasa, kamar mai jiran a kira lamba. Ba wanda ya ce ta yi hakan.

A ƙofa ta juyo ta ce wa Vlatka, "Teta Biserka ba ta son a kama ta ta hannu, ta ƙugu ake ɗaga ta."

Lahadi, 5 ga Nuwamba

Na goge gidan nan da bilic da hannu ɗaya, kwana biyu. Yanzu warin asibiti yake yi.

Jasenka ta kira. "To ai shi ke nan, Mama, kin huta." Na ce miya tana ƙonewa. Babu komai a wuta.

Laraba, 8 ga Nuwamba

Madam Kolar da kek ɗinta kuma. Ta goge bakin kofin da hankici, kofin da ni na wanke da tafasasshen ruwa. Ta ce ƙanwar mijinta na neman wurin gyaran gashi, hawan ƙasa zai dace ƙwarai in ƙungiyar su Vlatka ta saki gidan. "Ke ma 'yarki ta nema miki wurin da ake da masu ɗaga mutum, kin gane ai. Irin wannan ciwo ba na cikin mutane ba ne."

Janbakinta ya manne a haƙorinta na gaba. Na zuba masa ido har ta gama. Kek ɗin yana kwandon shara.

Talata, 14 ga Nuwamba

Vlatka ta je ganinta. Wai ba ta magana, ba ta amsa sunanta, an mayar da ita ɗaki na huɗu tana wanke mutane. Ranar 28 za a sake zama, in ba a samu wani sabon bayani ba ta zauna ke nan.

Na ce, "Me ya shafe ni?"

Ta ce, "Ban ce ya shafe ki ba, Madam Biserka." Ta ci gaba da yanka mini albasa.

Yarinyar nan ta sani. Tun ranar ta sani, rigar barcina ce ta gani a shanye.

Laraba, 22 ga Nuwamba

Abinci ba ya shiga. Ba ƙyamar kowa ba ce, babu kowa a gidan.

Talata, 28 ga Nuwamba

Na sa Vlatka ta kai ni ofishin a tasi. Ɗaki mai warin tsohuwar takarda da gumi, mutum shida a tebur, har da wani saurayin likita da Madam Kolar.

Na ce wasiƙata gaskiya ce, ban janye ko layi ɗaya ba. Zorka ƙazama ce. Amma akwai shafi na biyar da ban rubuta ba. Sai na faɗa musu. Waken, tayil ɗin, gashina. Na ce warin da ya hana hawa na huɗu karin kumallo nawa ne, daga cikina ya fito, in wari ne laifin to ni za a sa a farar mota. Na faɗi yadda ta ɗaga ni da yadda ta wanke ni, da abin da ta ce wa Vlatka bayan nan, da shirun da na yi sau biyu.

Likitan ya ce, "Ita kaɗai ta ɗaga ki?" Na ce ita kaɗai, kuma ta fi mutanensa iyawa.

Madam Kolar ta kai hankici hanci, a can ɗin ma, wata guda bayan abin. Matar ofis tana rubutawa. Yanzu yana cikin fayil har abada: Biserka Vidakovic, shekara sittin, ta yi kashi a jikinta.

A tasi Vlatka ta kama hannuna. Na ce ta sake ni, hannunta na gumi.

Juma'a, 8 ga Disamba

An dawo da ita. Gwaji na wata shida, da sharaɗin wanka sau biyu a mako, a roba, ba shawa ba. Ta rame. Ba ta ce mini teta ba. Ta shige ɗakinta ta zauna a bakin gado da rigar sanyinta a jiki.

Tana ta susar kai.

Asabar, 9 ga Disamba

Kwarkwata. Cike da kai, har bayan kunne, ƙwai jere a kowane silin gashi. Vlatka ta kawo magani da mataji mai ƙananan haƙora, ta ce mafi sauƙi a aske. Zorka na jin kalmar aski ta rufe kai da hannu biyu. Na ce ba mai aske ta. Vlatka ba ta iya ganin ƙananan abubuwa, ni kuwa aikina ke nan shekara talatin da ɗaya, shi ne kawai dalili.

Bayan abincin rana na sa tabarau, na shimfiɗa farin tawul, ta zauna a ƙasa gaban kujerata. Abin ƙyama ne ƙwarai. Suna motsi a kan tawul, in ka danne da farce sai ka ji ɗas. Can wajen ƙarfe uku ta ce, ba ta juyo ba, "Teta, kin ƙara faɗuwa?" Na ce a'a. Ta ce to.

Ban kai rabin kan ba barci ya ɗauke ta, kanta a cinyata, baki buɗe. Miyau ya jiƙa mini siket har ya ratsa. Vlatka ta ce bari ta tashe ta, na ce ta bar ta, ai ƙafar ba ta jin komai.

A kan ƙafar dama ta kwanta, mai lafiyar. Gobe za mu ƙarasa ɗaya ɓarin.