Koren Kwandon da Na Ba da Aro

Zuwa ga Shugaban ƙungiyarmu ta manoman lambu da dillalan ganye na Suleja da kewaye,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyalinka da sauran shugabannin ƙungiya. Sunana Isiyaku Ɗanlami, ina zaune a Bagama, kuma tun ina saurayi nake noman latas da alayyafo da lansir a fadamar bayan gari. Sau uku na zo ofishinka kan wannan magana. Sau biyu aka ce ka shiga Abuja, a na ukun ka saurare ni kana danna waya. Shi ya sa na rubuto a fili, ko ba komai masu cin abin da muke nomawa su san halin da ake ciki.

Saboda waɗanda ba su san mafarin zancen ba: da masu sayen ganye na Abuja suka fara ƙorafi a kan tsabtar kayanmu, ƙungiya ta tara mu ta karanta mana ƙa'idoji. Kada a yi ban-ruwa da ruwan kwata. Kada a zuba kashin kaji sai ya ruɓe. In an yi feshi a jira mako biyu kafin a yanka. Ka ce da bakinka ba doka ba ce, babu tilas, wanda ya ga zai iya ya sa hannu. Duk wanda ya sa hannu aka ba shi kwanduna masu koren fenti a baki, don mai saye ya gani ya san wannan ganyen an kiyaye shi.

Ni ne na uku a layin sa hannu. Na sayar da babur ɗina na haƙa rijiya a lambu. Maƙwabta suka sa mini suna Likita, suna dariya, domin kowa ya san ruwan kwata ne ke sa latas ya yi faɗi ya yi sheƙi, nawa kuwa ya koma kamar ɗan da aka yaye da wuri. Ban damu ba. Ina tafe a ƙasa, ina jin kaina wani abu.

Ga ƙorafina.

Na farko, tun ranar da aka raba kwandunan babu wanda ya zo ya ga da wane ruwa muke ban-ruwa. Sau ɗaya 'yan kwamiti suka zo lambuna, da manyan riguna, suka jeru a bakin rijiyata aka ɗauki hoto. Ba su ƙarasa lambun da ke ƙasa da nawa ba, sun ce akwai taɓo.

Na biyu, kuma shi ne tushen masifar. Ranka ya daɗe, kai ma ɗan fadama ne, ka san yadda muke da kwando. Ranar yanka, in motar dillali tana jira ganye ya fi ƙarfin kwandunanka, maƙwabci kake leƙawa ka ɗauka, wani lokaci ma sai daga baya ka faɗa masa. Haka muka taso muka samu iyayenmu. Wanda ya hana aron kwando, har jikokinsa sai an goranta musu. Da kuka zauna kuka ɗora amanar mutane a kan bakin kwando, a cikinku babu wanda ya tuna da wannan? Maƙwabcina, ba zan kama sunansa ba, bai sa hannu ba, kuma bututun injinsa a cikin kwatar da ke gangarowa daga gari yake kwana yake wuni. Ya zo mini wata safiya yana haki, ya ce in taimaka masa da kwando uku. Mahaifinsa da nawa tare suka sare wannan fadama. Na ji kunya, na miƙa masa. Wannan laifina ne, ban ɗora wa kowa ba.

Na uku, abin da ya biyo baya. Ina da yaya, Hajara, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya, da dafa abincin biki da na suna take riƙe su. A unguwar Magajiya babu wanda bai san shinkafarta da haɗin latas ba, kuma a wurina take ɗauka. A ranin bara aka ba ta aikin wani suna. Ta zo lambu ana gobe suna, alhali kwana biyar ke nan da na yi feshi. Na ce ba zan yanka ba. Ta ce haba Isiyaku, kowa yankawa yake yi, ta wanke da gishiri shi ke nan. Na tsaya na yi mata wa'azi, ni Likita, na karanto mata ƙa'idojinku ɗaya bayan ɗaya. Sannan na ce ta je kasuwa, kada ta kalli komai sai koren kwando, in ta gan shi ta saya ido rufe. Ta yarda da ni, domin ƙaninta ne ya faɗa.

Washegarin suna gudawa da amai suka kama mutanen gidan da baƙinsu. Waɗanda ba su taɓa ganyen ba lafiyarsu ƙalau, don haka ba sai an yi dogon bincike ba. Mai jego ta yi mako guda a asibiti ana yi mata ƙarin ruwa, kafin ta fito nono ya ɗauke, jaririn ya koma kan madarar gwangwani. Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba.

Hajara ta zo gidana da kwandon da ta sayo latas ɗin a ciki, don ta haɗa da shi ta saya. Ta ajiye a gabana. Na juya shi, sai ga jan zaren da nake ɗaura wa nawa a gindi. Ashe ɗaya ne daga cikin ukun da na ara wa maƙwabcina. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba.

Tun daga nan babu wanda ya sake ba ta aiki. Mata na nuna ta da baki a wurin biki, wasu har cewa suke ruɓaɓɓen kaya ta saya don ta ci riba. Matar da ta shekara ashirin tana ciyar da unguwa babu wanda ya taɓa ciwon ciki. Manyan tukwanenta biyu sun riga sun tafi kasuwa.

Na huɗu, amsarka. Ka ce in yi haƙuri, tsarin na ganin dama ne, ƙungiya ba ta da ikon hukunta wanda bai sa hannu ba, wanda ya sa ma sai dai a yi masa nasiha. To, ranka ya daɗe, mu manoma an ba mu zaɓi, mu bi ko mu ƙi. Mai jegon nan wa ya ba ta zaɓi? Kuma ka yafe mini in faɗi abin da na sani: latas ɗin da ake ci a gidanka, matarka Hajiya lambuna take aikowa a yanka a gaban ɗan aike. Ba ta taɓa sayen na koren kwando a kasuwa ba. Ashe gidanka ya riga ni sanin darajar fentin.

Roƙona ba shi da yawa. A janye kwandunan nan daga kasuwa, tunda yanzu har a kasuwar Lambata ana ganinsu cike da ganyen da ba a san inda ya fito ba. In ba za a iya sa ido a kan lambuna ba, a daina ce wa mutane an sa. Sannan ka taka da ƙafarka zuwa Magajiya, ni zan raka ka, ka faɗa wa mutanen gidan sunan nan cewa Hajara ba ta cuce su ba, alamar ƙungiyarmu ta bi, da maganar ƙaninta.

Gaskiya ban sa ran ko ɗaya zai faru ba. Dillalai kuɗi ɗaya suke saye, da nawa da na kwata, su juye a mota ɗaya, su yayyafa musu ruwa daga durom ɗaya. Cikin waɗanda muka sa hannu tare, da yawa sun mayar da bututunsu inda suka ɗauko shi, sun bar fangalin shuka ɗaya kusa da rijiya na cin gida. Ni ban koma ba tukuna, amma ba zan yi maka rantsuwa a kan ranin baɗi ba. Kwandunana da suka rage na aika ofishinka jiya, suna bakin ƙofa.

Ranar Juma'ar da ta wuce na yanko alayyafo daga fangalin da ya fi kowanne tsabta, na wanke da hannuna, na kai wa Hajara. Ta karɓa, ta yi godiya, ta sa mini albarka. Da na dawo ɗaukar hulata da na manta, na tarar ta zube shi gaban akuya.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya tsare iyalinka daga abin da ya samu mutanen gidan nan, Ya ba ka ikon sauke nauyin da ka ɗauka. Ni kuma Allah Ya yafe mini.

Wassalam.

Isiyaku Ɗanlami,
manomin lambu, Bagama, Suleja.