Ƙoƙon Inna

Bande, 4 ga Maris

Yaya Baturiya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Inna.

Baba ne damuwata. Tun sadakar arba'in ba ya cin abin kirki, rigarsa har ta yi masa yawa. Kin san shekara talatin da burodin Inna yake karyawa. Na sayo masa na garin Magariya, ya juya shi ya ajiye.

Sai na ce bari in gwada, ni da ban taɓa tsayawa na kalli hannunta ba, kullum ina lekwal wajen karatu. Na kwaɓa garin alkama, na hura tanderunta. Abin da ya fito, akuya ma shinshinawa ta yi ta wuce. Jiya na sa lebur na kanti, wato yis, ya tashi ya yi kyau. Baba ya gutsura, ya sa mini albarka, bai ƙara ba.

Ƙanwarki,
Surayya

Bande, 15 ga Maris

Yaya,

Ina gaishe ku duka. 

Maƙwabciyarmu Goggo Ɗela ta ce Inna ba ta taɓa sa lebur ba. Duk kwaɓin da ta yi sai ta cire ɗan curi ta rufe a ƙoƙo, shi ke tayar da na gobe. Daga hannun Kaka ta karɓo shi ranar aurenta.

Yaya, na san ƙoƙon. Ranar sadakar uku ina gyaran ɗakinta na same shi bayan randa, yana tsami. Na ɗauka ruɓaɓɓen abu ne. Na kankare shi, na wanke tas da sabulu, har ina jin na yi aikin kirki.

Goggo ta ce Inna ta gutsura miki curin lokacin da aka kai ki Mallawa. Don Allah, yana nan? Ki ba mai babur ɗin da ya kawo miki wannan wasiƙa amsa ranar kasuwa.

Surayya

Bande, 23 ga Maris

Yayata,

Saƙonki ya iso, ina fatan yara lafiya. Ki daina kuka. Amarya da kanti a ƙofar gida, wa zai ga laifinki don kin bar curin ya bushe?

Na faɗa wa Baba gaskiya. Ashe ya sani. Yana zaune a ƙofar ɗaki ranar da nake wanke ƙoƙon, ya ce bakinsa ne ya ƙi buɗuwa. Na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Da safe ya ce in kawo nawa burodin. Ya ci rabi da shayi. Ba na Inna ba ne, mu biyu mun sani, kuma ba za a sake yin irinsa ba. Na cire curi daga kwaɓina na rufe a ƙoƙon. Har yanzu ƙamshin sabulu yake.

Ki gaida kowa.

Taki har kullum,
Surayya