Baba Ya Farka Yana Kushe Askin Asibiti

Anti, don Allah ki agaza mini da shawara kafin zumuɗi ya sa in tafka ɓarna.

Mahaifina mai aski ne, a shagonsa na tashi, a hannunsa na koyi sana'a. An yi masa tiyata a ƙwaƙwalwa, an cire wani ƙari da ya daɗe yana wahalar da shi. Tun kafin a shiga da shi likita ya ce kada mu yi mamaki in ya farka bai gane mu ba, ko magana ta ƙi fita. Haka muka tare a bencin ƙofar ɗakin da aka kwantar da shi, ni da Umma.

To jiya Baba ya buɗe ido! Ya dube mu, ya ɗaga hannu a hankali ya shafa gefen bandejin, inda suka aske masa rabin kai suka bar rabi. Sai ya ɓata rai, da ƙyar ya tambaya wane ɗan koyo ne ya yi masa wannan aika-aika. Wallahi dariya da kuka suka haɗe mini, har nas ta leƙo ta ce in rage murya. Babana ne dai, da faɗansa da komai!

Yanzu ya ce in kawo injin aski in daidaita masa, kuma kada kowa ya shigo dubiya sai an gyara. Anti, tunda nake bai taɓa bari na taɓa kansa ba. Da kansa yake aski a gaban madubi, wai hannuna rawa yake. Yau ga shi da bakinsa ya nema. Har na goge injin na jefa a aljihu. Umma ta ce in na kuskura na shiga da shi, ba ni ba ita. Ni kuma tsorona in na ƙi, ya janye maganar har abada. Ya zan yi?

Ɗan Mai Aski

Ɗan Mai Aski, barka da arziki! Ni ma sai da ka ba ni dariya.

Amma fito da injin nan daga aljihu. Umma ce da gaskiya. A ƙarƙashin bandejin akwai ɗinki ɗanye, kuma gashi ko ƙura in suka shiga za su iya mayar da aiki baya. Wannan kan na likita ne tukuna.

Shi ma Baba kada ku yi watsi da kukansa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gyara kawunan jama'a dole ya ji kunyar a gan shi haka. Ku rage 'yan dubiya kamar yadda ya so, dama hutu yake bukata. Ka tambayi likita a gabansa yaushe za a iya askin, kuma ko zai iya ɗora hula mara matsi kafin lokacin. In ya ji daga bakin likita, ba zai ce kai ka ƙi ba.

Batun janye magana kuwa, kwantar da hankalinka. Da ya farka ya ga kansa a lalace, ai bai ce a kira wani ba, kai ya kira. Ka gaya masa ka karɓi aikin, ranar da aka ba da izini kai ne a kansa.

Allah ya ƙara masa lafiya, ya mayar da shi shagonsa. Kai kuma ranar nan ka riƙe hannunka da kyau, don ka san zai duba madubi.