Na Karɓi Allin, Baba

Zuwa ga mahaifina, Malam Isiyaku,

Assalamu alaikum, Baba. Ina gaishe ka gaisuwar ɗa ga ubansa, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin rahama. Na san takardar nan ba za ta iso ka ba, ba kuma za ka karanta ta ba. Wataƙila ma shi ya sa na iya zama na rubuta. Da kana raye da sai na sake ta na kuma sake ta kafin in miƙa maka. Ka ga ma da Hausa na rubuto don kada in ba ka wurin kamu, ko da yake na san ko a Hausar ba za ka rasa abin gyara ba.

Mutanen gida duk lafiya. Inna dai ƙafar nan ce, wata rana ta yi sauƙi wata rana ta tashi, kuma har yau ta hana kowa taɓa rediyonka. Ruwa ya sauka, an yi shuka. Gonarka ta Gwiwa mun bar wa Kawu Bala, ya sa gero da gyaɗa. Sani ƙanena ya tare a kasuwar Babura yana awo da mutanen Nijar, ba abin da ke bakinsa sai sefa ta hau, sefa ta sauka. Ya yi ƙiba har da tumbi. Duk zuwan da zai yi sai ya ce in ajiye koyarwa in zo mu yi kasuwa.

Amma ba don wannan na zauna ba. Kwana da kwanaki ke nan na kasa zama wuri ɗaya. In na shiga ɗaki in ji kamar a waje zan fi samun sukuni, in na fita in dawo. Jiya na hau babur na kai har bakin dam ban san abin da na je yi ba. Maganar 'yata Rabi ce, jikarka, wadda kake tsokana kana ce mata amaryarka. Bana ta zana jarrabawar fita sakandare a makarantar 'yan matan da nake koyar da Turanci, can hanyar Roni. Aikin jinya take so, kuma ka san ba makarantar da za ta ɗauke ta in ba ta ci Turanci da kyau ba.

Ka sha faɗa kafin ka rasu cewa Turanci ya lalace. Baba, wanda ka bari mai lafiya ne. Yanzu yarinya za ta soma ba da labarin abin da ya faru jiya, kafin ta kai ƙarshen layi ya koma gobe. Mace ce a farkon jimla, a tsakiya ta zama namiji. Kalma kuwa yadda suke gutsure ta a waya haka suke zuba ta a takarda, ba babban baƙi, ba aya. Ba yaran kaɗai ba. Sanarwar da ake mannawa a ɗakin malamai in ka gani sai ka nemi wurin zama. Kwanaki wani babba ya zo duba mu, ya yi jawabi da Turanci a gaban ɗalibai, ni na sunkuyar da kai don kunya, su kuwa sai tafi suke. Laifin wa zan gani? Aji ya cika maƙil, wasu a ƙasa, littafi ɗaya kawuna sun yi masa rumfa. Wanda ke koya musu shi ma haka aka koya masa.

Kai ba ka taɓa karɓar wannan uzurin ba. Ka tuna yadda kake tsayar da keke a ƙofar shagon mutane a cikin Kazaure, ka yi sallama, ka gaisa har ka tambayi iyali, sannan ka nuna wa mai shago inda mai fenti ya yi masa ɓarna a allon shagonsa? Ni ina bayan keken kamar in nutse. Katin ɗaurin aure ma ba ka ƙyale shi. Mai karanta labarai a rediyo kana shan koko kana yi masa gyara, sai ka ce yana jin ka. Inna takan ce wannan ba ilimi ba ne, ciwo ne. Ban taɓa gaya maka ba, amma ina yaro na tsani halin nan. In kawo maka rubutuna da ɗoki, ya dawo mini ja wur, ko sannu babu. Na daɗe ina jiran ranar da za ka ce na yi ƙoƙari, har ka tafi ba ta zo ba. Abu na biyu da ban faɗa maka ba, duk duniya ba abin da nake so kamar in ji kana karatu da ƙarfi bayan la'asar a gindin darbejiyar ƙofar gida. Saboda muryar nan na zama malami. Ciwon da Inna ke faɗa kuma na gaje shi kaf, ban rage wa Sani komai ba.

Akwai abin da ya shigo makarantu bayan ka yi ritaya, wanda da aka ba ka labarinsa ka ce ƙarya ne. Taimako ake ce masa. Ranar jarrabawa, mai sa idon da aka turo daga waje sai a ja shi ofis, a ajiye masa kaza da lemo mai sanyi, a janyo ƙofa. Malamin darasin ya shiga zaure ya zuba amsa a allo, yara su kwafa, a goge. Iyaye sun sani, godiya ma suke yi. Ba mai kiransa sata. Shekarun baya ƙananan azuzuwa nake riƙe da su, abin bai taɓa biyowa ta kaina ba. Bana aka ba ni 'yan ajin ƙarshe. Shugaban makaranta ya kira ni, ya yi mini magana cikin lalama, ya ce kowa yana yi, in namu suka faɗi mu za a ce ba ma aiki, ya kuma tuna mini cewa 'yata tana cikinsu. Na ce ba zan iya ba. Bai yi fushi ba, ya ce ba komai, Malam Nura zai yi. Nura ɗalibina ne a da, lokacin ina makarantar maza, yaron kirki, bara aka ɗauke shi aiki.

Ita kuwa Rabi tun lokacin sanyi muke shiri. Kullum da yamma ta rubuta shafi guda ta kawo mini. Da fensir nake duba mata, kuma kafin in nuna mata kuskure sai na ce ta yi ƙoƙari. Ka ga ban bi ka a nan ba. Turancinta ba wani na a zo a gani ba ne, amma yana miƙewa, kuma nata ne. Tana da ido, Baba, tana ganin abin da mutane ba sa lura da shi. Da jarrabawa ta matso na roƙe ta kada ta ɗaga kai ta kalli allo. Ta ce tana tsoron ƙawayenta su wuce su bar ta. Na ce ba za ta faɗi ba, ni na sani. Ta yi mini alkawari. Hadiza, uwarta, ba ta ji daɗi ba, ta ce taurin kan gidanmu zan gwada a kan rayuwar yarinya.

Ranar Turanci ya kamata in zauna a gida. Me ya kai ni? Na je, na zauna a ɗakin malamai, na kasa zama, na tashi ina zagaya makaranta, ƙafata ta kai ni jikin tagar zauren. Nura na gaban allo yana gumi, yana rubuta musu insha'i a kan ranar kasuwa. Layin farko a karkace, na biyu ya fi shi. Yara kuwa kai sama kai ƙasa kamar kaji na shan ruwa. Na hango Rabi can jikin bango. Ta sunkuya, ta sa hannun hagu ta kare gefen fuskarta, tana rubuta nata. Ta kusa cin rabin shafi. Wallahi ban taɓa jin alfahari irin na lokacin ba.

Na ce wa kaina in wuce. Sai na ga Nura ya sake zuba wata jimla ba kai ba ƙafa, zaure guda kuma ya kwashe ta yadda take. Ban san lokacin da na shiga ba. Niyyata in raɗa masa wuri ɗaya ya gyara in fita. Da ya gan ni sai fuskarsa ta saki, ya miƙo mini allin da hannu biyu, ya ja da baya. Na karɓa, Baba. Na gyara wurin. Layin da ke ƙasa ya tsone mini ido, na gyara shi. Daga nan na goge duka na soma daga farko. Abin da ya fi damuna, daɗi nake ji. Jimlolin suna zuwa a miƙe, kowace aya a mazauninta, irin wanda da ka gani ba za ka sami wurin sa biro ba. Sai da na kai ƙasan allo na juyo.

Rabi ta sauke hannun nan, tana kallona. Ba fushi a fuskarta. Ta dube ni, ta dubi allon, ta ja layi a kan abin da ta rubuta daga sama har ƙasa, ta buɗe sabon shafi ta soma kwafa.

Shugaban makaranta ya gode mini a gaban malamai. Wani dattijo daga rugar da ke bayan makaranta ya aiko mini da ƙwan zabi da ƙwaryar nono saboda 'yarsa. Hadiza sai hamdala take. Rabi kuwa ba ta rage mini komai ba, ta durƙusa ta gaishe ni, ta kawo mini abinci. Na yi ƙoƙarin yi mata bayani, ta ce ba komai, ai rubutun ya yi kyau, ita ba za ta taɓa iya irinsa ba. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na tambaye ta abin da ta fara rubutawa, ta ce shirme ne, ta ma manta. Na ce ta rubuto mini wani abu a kan damina, ta ce ai an gama jarrabawa.

Da kai ne a jikin tagar nan, da ka wuce? Wani lokaci in ce da ba za ka taka makarantar ba ma ranar. Wani lokaci kuma in ce da ka riga ni shiga. Ina so in ɗora maka laifin, in ce kai ka sa mini wannan ciwon, amma kai shagon mutane kake gyarawa da rana tsaka, ba ka taɓa janyo ƙofa ba.

Kafin kaka sakamako zai fito. Mai yiwuwa a riƙe shi, tunda zaure guda abu ɗaya suka rubuta. Mai yiwuwa kuma ta ci da kyau. Ban san wanda na fi tsoro ba. In ta ci, mutane za su cika gidan nan da barka, su ce ai dole, jinin Malam Isiyaku ce. Tana tsaye za a faɗa, ina tsaye. Me zan amsa musu?

Rabin shafin nan kuma ya tafi cikin takardun jarrabawa, da layi a kansa. Wanda zai duba ba zai karanta shi ba, zai buɗe gaba ne ya ba ni maki. Yarinyar nan ta san kasuwar Kazaure tun tana riƙe da gefen zanin Inna. Ba zan taɓa sanin abin da ta gani a cikinta ba.

Ranar Juma'a in Allah Ya kai mu zan zo ziyara. Na so in zo da ita, ban san ko zan iya tambayarta ba. Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka makwancinka, Ya yafe mana baki ɗaya. Sai mun zo.

Ɗanka,
Habibu