Zabibi Ne, Ba Kashin Ɓera Ba

Zuwa ga Yaya Barira,

Gaisuwa mai yawa daga Kaduna. Ina fatan kuna lafiya, ke da Inna da Baba da mutanen Nariya duka. Ni lafiya lau nake a makaranta, ƙunar hannuna ma ta kusa warkewa.

Amma Yaya, raina a ɓace yake. Alu direba ya gaya mini abin da kika yi da 'yan kek ɗin da na aiko. Wai kin ga baƙi-baƙi a ciki, kin ce kashin ɓera ne, kin watsa wa kaji. Haba Yaya! Zabibi ne fa, busasshen inabi! A gwangwanayen madara na gasa su, cikin tukunya mai yashi. Tun farkon zango nake shan shayi ba sukari don in tara.

Kuma na ce a kai wa Malam Shitu na makarantar Kibiya guda biyu. Kin san ban taɓa iya ɗaga ido in dube shi ba. A littattafan da nake karantawa, yarinya takan aika ɗan abu, shi kuma sai ya gane. Ke kuwa kika tsaya ran kasuwa kina shela, har ya ji, wai ƙanwarki ta je boko ta koyo ƙazanta.

Na sake gasa wasu da ayaba, ba ɗigon baƙi ko ɗaya. Alu zai kai masa da kansa. Allah ya bar zumunci, amma babu naki a ciki.

Ki gaishe mini da Inna. Ki gaishe da kajin.

Ƙanwarki,
Ramlatu